Masu na'urar leƙen ƙasa da muka ɗauko daga Kano: abin da suka gano mana da wanda ya gagare su

Assalamu alaikum jama'a. Tun satin da ya wuce ake ta kirana a waya, wasu har gida suke zuwa, wai in faɗa musu tsakani da Allah ko mutanen nan da suka zo mana da na'urar duba ƙasa aikinsu ya ci kuɗinsa, to na gaji da maimaita zance ɗaya shi ne nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta ya yanke wa kansa hukunci. Sunan kamfanin ba zan sa ba, don akwai inda zan yaba akwai kuma inda raina ya ɓaci.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Maigatari, wanda ya san wajen ya san yashi ne zalla, ko mashin ka shigo da shi da rani sai ka sauka ka tura. Akwai fili a bayan masallaci da aka ba mu don ƙara ajujuwa uku na Islamiyya, yara sun yi yawa har wasu a gindin darbejiya suke ɗaukar karatu. Matsalar ita ce kowa a garin ya san akwai tsohuwar rijiya a filin nan da aka cike tun muna yara bayan ta rufta, amma a ina take? Baffa yace wajen gabas kusa da kuka, Kawu yace atafau yamma take don shi da hannunsa ya zuba mata toka da shara, dukkansu dattawa ne ba ka isa ka ce wa ɗaya ya manta ba. Kuma ba ƙaramin abu ba ne wallahi, a garin da ke kusa da mu ɗaki guda ya lotsa da damina saboda an ɗora fandisho kan tsohon rami, Allah ne ya kiyaye ba kowa a ciki. Mu kuma 'ya'yan mutane za mu zuba a ajin. Bayan rijiyar akwai fayif ɗin ruwa da aka taɓa binnewa daga tanki zuwa famfon bakin kasuwa, shi ma ba wanda ya riƙe layinsa.

Ƙanena da ke karatu a Kano shi ya kawo shawarar, yace akwai masu rada ta ƙasa. Da farko ban yarda ba gaskiya, na ɗauka irin masu yawo da sanda ne suna cewa ga ruwa nan.

Su biyu suka zo, injiniya ɗaya da yaronsa, da sassafe ranar Asabar a cikin watan Maris, zafi ya fara kankama. Na'urar kamar baro take, ƙafa huɗu, akwai akwatin roba a ƙasa yana kusan shafar yashi, sama kuma ɗan sikirin kamar na babbar waya. Kafin su kunna sai da suka ɗaure igiya suka yanka filin layi-layi, rabin mita tsakani, tsaye da kwance, wannan kaɗai ya ci musu sama da awa ɗaya kuma a nan na fara ganin ba 'yan shaci-faɗi ba ne. Yara suka cika wajen, tsofaffi suka shimfiɗa tabarma, wata gwaggonmu da taji ana cewa rada sai tace oh ashe ƙasa ce take yi masa raɗa a kunne, har yau mai raɗa ake kiran na'urar a garin.

To ga inda mutane da yawa za su sha mamaki, kuma shi ne babban abin da nake so in faɗa. Na'urar nan ba hoto take ɗauka ba. Ni na zata zan leƙa sikirin in ga bakin rijiya zagaye kamar yadda ake ganin ƙashi a hoton asibiti, ina! Abin da na gani layuka ne baƙi da fari a kwance kamar saƙar tabarma, can da can sai ka ga wani abu ya lanƙwasa kamar ƙwarya a kife. Kawu ya leƙa yace Injiniya wannan ai talabijin ce ta lalace. Mutumin ya yi dariya yace ranka ya daɗe amsa-kuwwa kake kallo. Yace kamar ka tsaya bakin rijiya ka ƙwala kira ne, muryarka ta dawo, in rijiyar mai zurfi ce ta ɗan jima kafin ta dawo. Akwatin yana harba igiyar rediyo cikin ƙasa, duk inda ta ci karo da abin da ya bambanta da abin da ke kewaye da shi sai wani kaso ya fantsama, kaɗan daga ciki ya dawo sama, na'urar ta rubuta lokacin da ya ɗauka. Lokacin kuma da nanosakan ake auna shi, wato daƙiƙa ɗaya ka raba ta gida biliyan.

Da yake ni malamin firamare ne kuma lissafi nake koyarwa sai na matsa masa da tambaya, kuma a nan zan yaba masa, bai nuna gajiya ba ko kaɗan, a kan yashi ya dinga zana min da tsinke. Yace a iska igiyar tana tafiyar mita 0.3 a nanosakan ɗaya, a busasshen yashi irin namu wajen 0.15, in yashin ya jiƙe sharkaf sai ta koma wajen 0.06. Kaga kenan in amsa ta dawo bayan nanosakan 20, tafiya da dawowa ne sai ka raba biyu, a busasshen yashi abin yana zurfin mita ɗaya da rabi, amma a jiƙaƙƙe santimita 60 ne kacal. Amsa ɗaya, zurfi biyu daban. Wanda bai san irin ƙasar da yake takawa ba sai ya sa ku haƙa inda ba nan ba, ko lebura ya sari fayif da diga yana zaton da saura.

Ita kuma ƙwaryar da ke kife, dalilinta shi ne igiyar ba a miƙe take sauka kamar zaren awon magini ba, buɗewa take kamar hasken tocila. Tun kafin baron ya iso kan abin da ke binne ya fara jin amsarsa daga nesa, sai ta bayyana can ƙasa a sikirin, yana matsowa tana hawowa, in ya zo daidai kansa ta kai ƙololuwa, in ya wuce ta sake gangarawa. Saman ƙwaryar nan ne wurin abin. Faɗin buɗewarta kuma shi ke gaya masa saurin igiyar a ƙasar, da shi yake gyara lissafin zurfi. Wallahi wannan ya burge ni, har na yi wa 'yan aji shida misali da shi ranar Litinin.

Amma fa dutse yana ba da ƙwarya, saiwar kuka tana bayarwa, tsohuwar tukunya, fayif, gwangwani, duk ƙwarya ne. A layin gabas wajen da Baffa ya nuna mun ga guda huɗu a jere, Baffa har ya miƙe yana cewa ba na faɗa muku ba. Injiniya yace a yi haƙuri Baba, ba zan ce komai ba yau. A yamma kuma ba ƙwarya mai kyau ko ɗaya, sai dai layukan da suka taho a shimfiɗe suka katse wuri guda, tsakiya ya hargitse, gefe biyu wasu jelu suka gitta juna. Yace zai tafi da bayanan ya yi kwaikwayo a kwamfuta sannan ya ba mu amsa. A lokacin ban ji daɗi ba, mun biya rabin kuɗi, mun yanka musu zabi, mutum zai tafi bai nuna ko taku ɗaya ba, mutanen gari suka fara ƙananan maganganu a kaina da ƙanena.

Daga baya na gane wannan kwaikwayon shi ne ainihin abin da muka saya, tura baro kam ko ni zan iya. Yadda ya yi min bayani a waya, kuma na je na ƙara karantawa, shi ne yana gina filin namu a cikin kwamfuta. Ya yanka ƙasar ƙanana-ƙanana kamar gidajen dara, kowane gida ya ba shi lamba gwargwadon yadda abin ke rage wa igiya gudu: iska 1, busasshen yashi tsakanin 3 da 5, ruwa wajen 80. Sai ya binne abin da yake zato a ciki, ya harba igiyar ƙarya, kwamfuta ta bi ta gida-gida tana lissafa yadda za ta watse da yadda za ta dawo, ta zana masa hoton da na'ura za ta nuna in da abin nan ne a ƙasa. Sai ya ajiye shi gefe da hoton gaskiya na filinmu. In ba su yi kama ba ya canza zato ya sake. Manhajar sunanta gprMax, kyauta ce, masu bincike a jami'ar Edinbura da ke Sukotland suke kula da ita, kuma lissafin da take bi na James Clerk Maxwell ne da ya tsara tun shekarun 1860, shi ma haifaffen garin ne. Dabarar yanka wuri gida-gida don kwamfuta ta warware lissafin wani masani Kane Yee ya fito da ita a 1966. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne lissafin da aka rubuta tun kafin a haifi kakan kakana shi ne yau ya zo neman rijiyar da Kawu ya cike da toka.

Yace kwana uku, sai da ya yi tara. Wannan laifi ne kuma na faɗa masa. Magini yana jira, bulo yana zaune a rana, lebura biyu suka tafi wani aikin, ni kuma kullum bayan la'asar sai an tare ni a ƙofar masallaci, Malam ya labarin mai raɗa. Uzurinsa wai wuta da kuma laftof ɗinsa da ke ɗaukar sa'o'i kafin ta gama zagaye ɗaya, na yarda zai iya zama gaskiya, to amma ka faɗa wa mutum tun farko mana, ko ka ɗaga waya in an kira, sau biyu ina kira ba a ɗauka ba.

Da sakamakon ya zo ta WhatsApp kam na huce. Hotuna ya jera biyu-biyu. Na gabas ya gwada da bakin rijiya bai yi kama ba ko kusa, ya gwada da abu dogo siriri mai danshi a zurfin da bai kai mita ba, sai ga ƙwaryoyin sun fito kusan sak, kuma da ya bi su layi bayan layi sai suka miƙe suka nufi gindin kuka suna ƙara kauri. Saiwa ce. Na yamma ya gwada rami tsaye mai faɗin mita ɗaya da ɗoriya cike da abin da ya fi yashi riƙe laima, sai ga katsewar layukan da jelun nan masu gittawa, yace bangon ramin ne ke watsa igiyar gefe da gefe. Abin da ya ƙara min yarda da shi, bai ce rijiya ce tabbas ba. Yace rami ne tsaye da aka cike, zai iya zama rijiya zai iya zama tsohon masai, na'ura ba ta bambance su, kuma ƙasansa bai gani ba don igiyar ta mutu a wajen mita biyu da rabi, ku haƙa a hankali ku tabbatar.

Muka haƙa ranar Alhamis da igiya ɗaure a ƙugun mai haƙan. Ƙasa da mita ɗaya sai ga toka, sai tsingaro, sai tsohon takalmin roba, can gefe kuma ga da'irar bakin rijiya ƙarara. Daga inda ya sa alama zuwa tsakiyarta bai fi taku ɗaya ba. Kawu bai ce uffan ba, kallon ramin kawai yake, sai can yace Allah ya jiƙan waɗanda suka haƙa ta. Baffa kuma ya riƙe hannunsa yace Yaya kai ne da gaskiya. Ba zan ɓoye ba idona ya kawo ruwa, don da layin fandishon da magini ya ja tun farko muka bi, kusurwar aji na biyu daidai kanta za ta zauna.

Yanzu inda suka gaza. Kudancin filin ya gangara wajen kududdufi inda ake ɗibar ƙasar gini, can laka ce baƙa mai danƙo. Nan na'urar ta makance gaba ɗaya, daga rabin mita zuwa ƙasa hazo ne kawai. Laka da ƙasa mai gishiri ko kanwa suna shanye igiyar, ba abin da ke dawowa. Shi injiniyan ya san haka sarai, to me ya sa da muka yi ciniki a waya bai tambaye ni irin ƙasar ba? Kuɗin fili gaba ɗaya aka yanka mana alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba a ga komai ba, sai da ƙanena ya tsaya kai da fata sannan suka rage wani abu. Don haka 'yan uwana na wajen fadama, Auyo, Hadejia, Miga, Ringim da duk masu bin kogi, kar ku ji labarinmu ku ruga, mu yashi ne ya taimake mu da kuma rani. Ku sa su fara gwada layi biyu uku ku gani kafin ku biya.

Fayif ma rabi da rabi ne. Sun bi shi kamar mita goma sha biyu daga tanki sai ya ɓace musu. Na roba ne siriri kuma ba ruwa a ciki tunda famfon ya lalace, ita kuma roba lambarta wajen 3 take, kusan ɗaya da busasshen yashi, igiyar sai ta ratsa ta wuce kamar ba komai. Da ƙarfe ne ko da ruwa a ciki da ya fito fes. Akwai kuma maganar girma, eriyar da suka zo da ita, abin da ke harba igiyar kenan, mai megahaz 400 ce, wato igiyarta tana kaɗawa sau miliyan 400 a daƙiƙa ɗaya, tsawon igiyarta a yashinmu bai kai santimita 40 ba, abin da ya yi mata ƙanƙanta sosai ba ya mayar da amsa mai ƙarfi. Mai megahaz 900 tana ganin ƙananan abu amma da ƙyar take wuce mita ɗaya, mai 100 tana nitsawa sosai amma sai manyan abubuwa take gani. Su guda ɗaya kawai suka ɗauko, alhali na gaya musu tun a waya akwai rijiya akwai fayif. Wannan sakaci ne a wajena.

Wani abu kuma da zai amfane ku, ku kawar da mota da baro da duk wani ƙarfe daga wajen. Kurar ruwan wani yaro da aka ajiye a gefe ta ba da ƙwarya ƙatuwa mai faɗi kamar akwai abu a can ƙasa, ashe ta iska amsar ta dawo, rufin kwanon masallaci ma haka. Yaron injiniyan har ya fara murna, ogansa yana kallo ɗaya yace wannan ta cika faɗi, gudun iska ne ba na yashi ba. Kaga da yaron kaɗai aka turo mana da mun haƙa rami a banza.

Kawu ya tambaye su ko za su duba mana inda za a samu ruwa don burtsatse, tunda ga su ga na'ura. Injiniya yace a'a Baba, wannan ba aikinta ba ne a nan, ruwanku yana da nisa, ita kuma 'yan mitoci take gani, ku nemi masu awon da ke kafa ƙarafa a ƙasa suna tura lantarki. Da ya so cin kuɗinmu da ya tura baron ya nuna ko'ina kuma ba mai ƙaryata shi sai ranar da injin haƙa ya zo. Ina jin ana cewa akwai masu yawo ƙauyuka da 'yan na'urori suna alƙawarin ruwa har da zinare, don Allah ku yi hattara.

Muna cin abinci ne ya ba ni wani labari da na je na bincika na samu haka yake. A watan Nuwamba 1981 jirgin sama jannati na Amurka mai suna Columbia ya ɗauki rada ya wuce ta saman hamadar da ke iyakar Masar da Sudan, igiyar mai tsawon kusan santimita 23 ta ratsa busasshen yashin ta dawo da hoton tsofaffin hanyoyin koguna da yashi ya binne shekaru dubbai, wanda ido ba ya gani ko kana tsaye a kai. Dalilin ɗaya ne da namu, bushewa, don wajen yana shekaru ba a yi ruwa ba. Motar Perseverance da ta sauka duniyar Mas a Fabrairu 2021 ita ma da irin radar nan a jikinta tana leƙen ƙarƙashin ƙasar can. Tun daga ranar in na bi ta kan jigayin nan namu a mashin sai in dinga tunanin me ke kwance a ƙasansu, tsofaffin rijiyoyi nawa, kufai nawa, ga dattawan da suka san wuraren suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Rahoton da suka turo shafi takwas ne duk da Turanci, cike da kalmomin da ni kaina sai da na sha wuya, balle kwamitin masallaci da su ne suka tara kuɗin daga gero da wake da 'yan ɗari biyar-biyar na matan gari. Na roƙe shi ya yi mana ko shafi ɗaya da Hausa da zanen filin, yace to, har yau shiru. Ni na zauna na fassara musu da baki bayan isha'i.

In kuna da fili a yashi kuma ana zargin tsohon rami ko rijiya a ciki, ni dai ina ganin ku kira irinsu, kuɗin da muka biya bai kai na sake gina aji ɗaya ba balle ran yaro. Ku kira su da rani kafin ruwan farko, ku faɗa musu irin ƙasarku da abin da kuke nema dalla-dalla, ku tambaya eriya nawa za su kawo, ku tabbatar mai fassarar da kansa zai zo ba yaro kaɗai ba, ku ce a nuna muku hoton kwaikwayo gefe da na gaskiya, ranar kawo sakamako kuma a rubuta ta a takarda kafin ku miƙa ko sisi.

Mu dai mun matsar da fandisho mita huɗu gabas, an sare saiwar kuka biyu, rijiyar an sake duddufe ta an zuba mata sulab da rodi, Kawu ya sa an kafa bulo a kai an rubuta shekara da fenti. Gini ya kai linta. Fayif ɗin kuma mun yi da su in an gyara famfo ruwa ya shiga ciki za su dawo da eriyar da ke ganin ƙananan abu su ƙarasa bin sa ba tare da ƙarin kuɗin aiki ba, mai kawai za mu zuba musu, in sun cika alƙawari ko ba su cika ba zan dawo in faɗa muku.